Ina Zuwa, In Ji Mai Tafiya

Malam, tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. An ce maka yau zancen masu lalurar galahanga za a yi, wadda likitoci ke kira otizim, da yadda maganganunmu na yau da kullum ke ɗaure musu kai ko su ƙona musu rai, sai ka gyara zaman hula ka ce a ranka, “To, an fara. Hausar da muka sha a nono ma yanzu sai an nemo mata likita?” Kwantar da hankalinka, ba mai ƙwace maka Hausarka. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Jiya da daddare da ka miƙe daga majalisa, ka kaɗe riga, ka zura takalmi, me ka ce wa waɗanda ka bari a kan tabarma?

“Ina zuwa.”

Ka ba su ƙeya, ƙafarka ta nufi gida, bakinka na cewa kana zuwa. Ka dawo? Ina fa! Tuwo ka ci, ka ji labaran duniya, ka yi minshari har asuba. Kuma babu wanda ya ce ka yi ƙarya, don duk wanda ke kan tabarmar nan ya san “ina zuwa” ta bayan isha'i hanyar zamewa ce ba tare da doguwar sallama ba. Wa ya koya maka haka? Ba a allo ka karanta ba, ba a firamare ba. A iska ka tsinta. To, akwai bayin Allah da ba sa tsintar zance a iska. Abin da aka furta shi suke riƙewa, kuma riƙo ba na wasa ba.

Ɗauki yaro ɗan shekara bakwai. Babansa ya turo babur waje ya ce, “Ina zuwa yanzun nan.” Yaron ya tsaya a soro, hannu a kan ƙyaure, ido a bakin lungu. Aka kira azahar yana nan. Uwa ta ce ya shigo ya ci abinci, ya ce a'a, Baba ya ce yanzun nan. Da la'asar ya fara kai-komo yana maimaita maganar yana kaɗa hannuwa, kafin magariba ya ɓarke da kukan da ba ya jin lallashi. Uban ya dawo bayan isha'i da ledar tsire, aka ce masa yau ɗanka ya hana gida sakat, ya girgiza kai ya ce, “Yaron nan akwai rigima.” Duk gidan mutum ɗaya ne ya ba maganar maigida daraja, shi ne kuma ya kwana da sunan rigimamme.

Kafin Hajiya ta ce iska ce, Alhaji ya ce shagwaɓa ce, bari in shiga gabansu. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki, gado na da hannu sosai a cikinta, kuma alamunta kan fito tun shekarun farko. Rashin tarbiyya ba ya kawo ta, rigakafi ma haka. Likitan nan na Ingila da ya jingina ta da allurar rigakafin ƙyanda a 1998, mujallar da ta buga masa ta janye rubutun a 2010, aka kuma hana shi aikin likita a shekarar. Masu lalurar ba ɗaya suke ba. Wani ba ya magana da baki sam, wani kuwa in ya kama zancen jiragen ƙasa sai ka nemi hanyar gudu. Wani yana bukatar mai kula da shi har tsufa, wani shi ne akawun da ke riƙe da lissafin ma'aikatarku ba a taɓa samun kwabo ya ɓata ba. Abin da kan haɗa su shi ne wahalar karanta abin da ba a furta ba, da son tsari da sanin abin da zai biyo baya, da kuma ji ko gani da ya saɓa wa na sauran mutane, har ƙarar injin markaɗe ta zame wa wani azaba.

Na ji wani daga can baya yana cewa, “Ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi, mu a unguwarmu babu.” Ranka ya daɗe, wa ya ƙirga? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. A Amurka, inda suke bin takardun makarantu da asibitoci ɗaya bayan ɗaya, alƙaluman da suka fitar a 2025 sun ce 1 cikin 31 na yara 'yan shekara takwas. Babban abin da ya raba mu da su shi ne su suna dubawa. Mu ma muna da namu, sunaye dai muka rarraba musu: miskili, bahago, shashasha, mai taurin kai. Wanda malami ya ce “ku fitar da littafi” ya tashi ya kai nasa baranda ya ajiye, ajin ya ɗauka da shewa, aka yi masa bulala shida, shi a wane layi ka sa shi?

Su kansu Turawan ba da daɗewa suka farga ba. A 1943 ne wani likita mai suna Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya buga bayanin yara 11 da ya ga halinsu ya zo ɗaya. Na farko a jerin shi ne Donald Triplett, ɗan wani lauya daga wani ƙaramin gari, Forest, a jihar Misisifi. Uban ya so ya koya masa cewa “e”. Sai ya tambaye shi ko yana so a ɗora shi a kafaɗa, in yana so ya ce e. Yaro ya ce e, aka ɗora shi. Shi ke nan, daga ranar “e” a wurinsa ta zama “ɗora ni a kafaɗa”, aka daɗe kafin a raba su. Na ga kana murmushi. To ina kuskuren yaron? An ce in ya faɗi kalma kaza za a yi masa abu kaza, ya faɗa, aka yi. Ya riƙe yarjejeniya. Uban ne bai gaya masa cewa kalmar tana da wasu ayyuka dubu a gaba ba. Kuma kar ka ɗauka a kafaɗar ya ƙare. Donald ya yi digiri a harshen Faransanci, ya yi aiki a bankin garinsu shekara sittin da 'yan kai, yana tuƙa motarsa, yana yawon ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Mutanen garin sun san halinsa, sun san yadda ake magana da shi, ba su mai da shi abin nuni ba.

Yanzu na zo kanki, Hajiya, ke da kika rufe baki da mayafi kina yi wa Alhaji dariya. Ai ke ce uwar tafiya. Yarinya ta shigo da kwanon miya a hannu ta ce, “Mama, ina zan ajiye?” Me kika ce? “Ɗora min a kai.” Sauran 'ya'yanki za su sunkuyar da kai su nemi wuri su ajiye. Ita wannan za ta dube ki, ta dubi ɗankwalinki, ta matso a hankali don kar miyar ta zube. Ta fasa kofin tangaran, kin ce, “Sannu, kin kyauta, je ki ɗauko sauran ki ƙarasa.” Yaro na buga ƙofa da ƙafa, kin ce, “Ci gaba, kar ka fasa.” Ya ci gaba, bai fasa ba, kin ɗauko muciya. Gatse ke nan, sarautar iyaye mata, kuma ni ba zan ce ba shi da daɗi ba, da shi aka raine mu. Amma ki duba yadda yake aiki. Kalmomin sun nufi gabas, murya da girar ido sun nufi yamma, ana so yaro ya bi yamma ya watsar da gabas. Wanda kunnensa ya fi riƙe kalma a kan launin murya, a idonsa ke ce kika ba da umarni, ya bi, kika doke shi a kan biyayya.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Landan, Francesca Happé, ta auna wannan a 1993, ta ga abin hawa-hawa ne. In ka ce wane kamar zaki yake, da sauƙi, don “kamar” ta riga ta yi gargaɗi. In ka ce wane zaki ne, an hau mataki, sai mai sauraro ya gane ba wutsiya kake nufi ba. Gatse shi ne ƙololuwa, don sai ya san abin da ke ranka, ya kuma san abin da kake so ya ɗauka daga bakinka, duk a cikin daƙiƙa guda. Ke kuwa Hajiya a ƙololuwar kike kwana kike tashi.

Ga kuma tambayoyin da ba a son amsarsu. “Sau nawa zan faɗa maka?” Ya ce, “Huɗu ke nan da wannan.” “Uban wa ya ce ka taɓa?” Ya ce, “Ba uban kowa, ni na taɓa.” “Ni sa'arka ce?” Ya tsaya ya yi lissafi ya ce, “A'a, kin girme ni da shekara talatin da ɗaya.” Gida ya ɗauka: fitsara, rashin kunya, yaro ya fara mai da magana. Alhali tun yana rarrafe ake ce masa in babba ya yi tambaya a amsa. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce, amma fa akwai tambayoyin da in ka amsa ka shiga uku. Sai umarnin da ba shi da kai ba shi da gindi: “Ɗauko min abin nan a wajen nan.” “Ka nutsu.” “Ka yi hankali.” “Ka zama mutum.” Ya yi hankali da me, wuta ko mota ko bakinsa? Ya zama mutum, da can mene ne shi? Ko “gyara ɗakin nan” ma, da kike ganin magana ce a fili, aiki goma ne a dunƙule. Wani zai tsaya tsakiyar ɗakin hannu a sake, ba don lalaci ba, don bai san ta ina ake farawa ba. Ce masa ya ninke tabarma, in ya gama ya kwashe kwanuka, ki ga aiki.

Mu koma gaisuwa, inda Bahaushe ke ji da kansa. “Ina gajiya?” Amsa ɗaya ce tun kaka da kakanni: “Ba gajiya,” ko da daga Legas ka sauka a bayan tirela. Shi kuwa zai iya ce maka akwai, a ƙafa da gadon baya. Mara lafiya na kwance ana ƙara masa ruwa, “Yaya jiki?” “Da sauƙi.” Kullum da sauƙi, har ranar da za a ce ya cika. Nan kuma wasa ya ƙare, don in aka ce wa irin wannan yaro kakansa ya yi tafiya, ko ya riga mu gidan gaskiya, zai tambayi ina gidan yake da ranar dawowa, kuma zai jira. Gara a gaya masa ya mutu, ba zai dawo ba, a zauna da shi a kan hakan.

Bismillah fa? Saurayi ya leƙa shagon maƙwabci, ya tarar da shi da kwanon shinkafa da wake, abin da ya rage bai fi loma biyar ba. Mai shago ya ɗan tura kwanon gaba da yatsa, bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Bismillah.” Kowa ya san amsar: “Alhamdu lillahi, a ci lafiya.” Shi wannan ya nemi buta, ya wanke hannu, ya ja benci, ya ci uku daga cikin biyar ɗin, ya yi godiya ya tafi. Kafin yamma labari ya zaga layi cewa ɗan gidan wane ba shi da kara. Malam, kai da ka ce Hausa a fili take, rubuta min dokar. Sau nawa ake ƙi kafin a karɓa? In an maimaita sau biyu da gaske ne, ko sai uku? In an ce “don Allah” fa? In gidan surukai ne, ko da an rantse? Ka san amsar duka, amma ka kasa jera su a takarda, sannan kana mamakin wanda bai same su a takarda ba.

“Je ka ce ba na nan.” “Baba ya ce in ce ba ya nan.” Kowane yaro ya taɓa yin wannan yana ɗan shekara huɗu. Shi wannan zai iya yi yana sha huɗu, kuma ransa a ɓace, don a Islamiyya an gaya masa ƙarya haramun ce, kuma bai ji an ce ban da ranar da mai bin bashi ya zo ba.

Bahaushe na da hanyoyi da yawa na cewa a'a, kuma babu “a'a” a ko ɗaya. Ka yi tayi a kasuwa an ce “albarka”, kalma mai daɗi, ma'anarta ƙara kuɗi ko ka wuce. Mai bara an ce masa “Allah ya ba da haƙuri”. Mai neman aiki an ce masa “za mu duba”. Mai neman rance an ce masa “sai ka ji ni”. Ko “in sha Allahu”, mai girman da ta fi ƙarfin wasa, mun mai da ita mafaka ranar da ba mu da niyya. Ga lokaci kuma: “an jima”, “nan gaba kaɗan”, “bayan la'asar”, da “gobe” irin ta tela ana saura kwana uku salla. Kai in tela ya ce gobe, ka san ka ƙara mako. Wanda hankalinsa ke kwanciya a kan sanin abin da zai faru da lokacin da zai faru, ya gina ranarsa duka a kan goben nan, in ta rushe da shi take rushewa. Ba na tsammanin a wannan ɗaya akwai wanda zai goyi bayan tela.

Kaka kuma ta ga jikanta ta ce, “Ga mijina ya zo, ina kuɗin cefane?” Yaro ya firgita ya ce shi bai yi aure ba, kuma ba shi da kuɗi. Taubashi ya ce masa bawansa ne. Bazazzagi ya ga Bakano ya zazzage shi tas suna dariya, shi yana gefe yana jiran a fara dambe. Wasa ne, e, amma ba a rubuta a goshin kowa ba.

A wuri ɗaya dai al'adarmu ta yi musu rana. A Ingila da Amurka, ɗaya daga cikin maganganun da masu lalurar ke kuka da su ita ce “dube ni in ina yi maka magana”, don da yawansu haɗa ido na takura su, har ya hana su jin abin da ake faɗa. A nan kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai tarbiyya. Sai dai kar mu yi saurin yabon kai, don abin da muka sauƙaƙa ta nan mun tsananta ta can. Rabin umarnin gidan Bahaushe da ido ake ba da shi. Baƙuwa ta miƙo wa yaro kuɗi, uwa ta yi masa kallo ɗaya, ana so ya gane ko karɓa zai yi ko ƙi. Ga harara, ga ƙifce, ga gyaran murya, ga tsaki gajere da tsaki dogo. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, mai lalurar ce, kuma kusan rabin shanun ƙasar ta cikin shingayen da ta tsara suke bi. Ta ce sai da ta manyanta, a littafi, ta san cewa mutane na aika wa juna saƙo da ido. Mace mai gane abin da ke firgita saniya daga inuwar da ta faɗo a ƙasa, amma hararar Hajiya sai ta wuce ta gefenta.

Na san inda za ka ɓullo, Malam, kuma nan kana da 'yar gaskiya. Za ka ce, “To sai mu zubar da azanci? Mu bar karin magana da habaici da kawaici, mu koma magana tsirara saboda mutum ɗaya cikin ɗari?” Wa ya ce? Da yawa daga cikinsu suna son karin magana, suna tara ta, wasu sun fi ka iya barkwanci. Wasu masu bincike a Norwe sun haɗa nazarce-nazarce fiye da 40 a 2018, suka ga yawancin tazarar da ake gani wajen gane zancen hikima tana tafiya ne da ƙarfin harshen mutum gaba ɗaya, wato abu ne da ake koyo in an samu mai bayani. Gaya masa sau ɗaya cewa “ya sha kashi” an kayar da shi ake nufi, ya riƙe har abada. Abin da ba ka gani shi ne wahalar. Kamar baƙo ne a Wapa da ke juya kowace naira zuwa kuɗin garinsu kafin ya ce ya saya: lissafin na fita daidai, amma kafin yamma kai ya ɗau zafi. Shi ya sa za ka ga wanda ya wuni lafiya lau a ofis ko a gidan biki ya dawo ya rufe ƙofa ba ya son ko sallama.

Sannan wa ya ce gazawar daga ɓangare ɗaya take? Damian Milton, malamin jami'a a Ingila, shi ma mai lalurar, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar ta kowane gefe ce: yadda suke kasa karanta mu, haka muke kasa karanta su, mu dai mun fi yawa ne shi ya sa aka ɗora musu laifin. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara suka gwada da mutum 72. Aka jera su layi-layi, takwas-takwas, aka ba na farko labari ya gaya wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, har ƙarshe. Layin masu galahanga zalla ya isar da labarin daidai da layin marasa ita zalla. A layin da aka gauraya ne labarin ya fi zubewa a hanya. Da suka maimaita a 2025 da mutum fiye da 300, ko layin gaurayen ma bai gaza ba. Abin da ya tsaya daram sau biyu shi ne masu lalurar ba su fi kowa ɓatar da saƙo ba. Ni da za a jera 'yan majalisarku takwas a ba na farko labarin an ga akuya a bakin masallaci, na rantse kafin ya kai na ƙarshe an naɗa ta limanci.

Waɗancan duk masu ɗaure kai ne. Akwai masu ƙona rai, kuma yawanci da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, abin da ya ƙara musu ɗaci ke nan. Mutum ya yi ta maza ya gaya maka lalurarsa, ka ce, “Haba, ai ba ka yi kama da su ba.” Kama da wa? Ƙaho suke da shi? Kai a ganinka yabo ne, shi abin da ya ji shi ne ko dai ƙarya yake yi, ko kuma “su” ɗin abin ƙyama ne. Sai “ai kowa ma da ɗan nasa”. Don ba ka son hayaniyar kasuwar Kwari ba shi ne ka san abin da ke sa wani toshe kunne ya durƙusa in an tayar da janareta ba. Sai “zai warware in ya girma”, da “a yi masa aure zai daina”, maganin da muke rubuta wa kowace cuta. Yaro mai galahanga babba mai galahanga yake zama, yana dai ƙara koyo da dabarun zama da mu. Sai “Allah sarki” da ake yi a kansa yana zaune, ana tambayar uwarsa, “Yana ganewa kuwa?” Yana ganewa, Hajiya. Rashin magana ba rashin ji ba ne, kuma zai tuna.

Ta ƙarshe ita ce ta 'yan boko: “Wace baiwa gare shi?” Tun fim ɗin Rain Man na 1988, inda Dustin Hoffman ya fito a mai lalurar da ke lissafi kamar kwamfuta, duniya ta ɗauka kowannensu da abin mamaki a aljihu. Mu ma da aka baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a Abuja a Afrilun 2025, matashi mai lalurar da ya shiga kundin Guinness da zane mai faɗin murabba'in mita fiye da 12,000, an yi murna, kuma ya cancanta. Amma uwar da ta shekara tana koya wa nata ɗaura maɓallin riga, in kika tambaye ta nata me ya iya, kin ce mata sai ya yi abin al'ajabi kafin a ƙirga shi. Yawancinsu ba su da wata baiwa ta musamman. Kai ma, Alhaji, ba mu ga taka ba, kuma muna gaishe ka.

Abin da suke roƙo bai kai kuɗin goro ba. In za ka dawo ƙarfe biyar, ce ƙarfe biyar. In a'a ce, ce a'a. In wasa kake, ƙara da “wasa nake”. In ya tambaye ka me kake nufi, amsa masa, kar ka ce “kai ma ka sani”, da ya sani da bai tambaya ba. Ka ce abu ne mai sauƙi? Madalla, mu sa caca ta halal, wanda ya faɗi ya sayi shayi. Gobe daga asuba zuwa azahar kawai, kar ka faɗi abin da ba shi kake nufi ba. Mai bin ka bashi ya kira, ba “ina hanya” kana kan katifa. Maƙwabci ya zo aron babur, ba “wallahi yanzu nake shirin fita”. Abokinka ya nuna maka sabuwar shaddarsa mai ruwan ɗorawa ya ce yaya ka gani, ka gaya masa yadda ka gani. Ni na ba ka zuwa hantsi. In kuwa surukarka ta aiko da miya ta bugo waya tana tambayar ko ta yi daɗi, wannan tsakaninku ne, ba da ni ba.